Baba Sini da Ƙunshin Takardunsa

Mijin mahaifiyata ya rasu ranar wata Talata a cikin Zulƙida, ana idar da sallar Azahar. Da La'asar aka sallace shi a Harami, kafin Magariba har an rufe shi a Baƙi'a, inda kabari ba ya ɗaukar rubutu, sai dutse kawai. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Ni ina Jidda a gidan mijina. Lokacin saukar alhazai ne, shi kuma a filin jirginsu yake aiki, ba a sake shi ba sai bayan kwana biyu, mace kuwa ba ta kama hanyar Madina ita kaɗai. Sai a rana ta uku na shigo gidanmu na Al-Sih, ranar da ake naɗe tabarmar makoki.

Na tarar da tsakar gida cike da mata, ana zagayawa da gahawa da dabino. Kowacce ta rungume ni ta ce, "Azzamallahu ajraki, Allah Ya ba da haƙuri," sannan ta ɗora nata yabon. Hajiyar da muke katanga ɗaya da ita, mutuniyar Damagaram, ta ce, "Shekara goma sha uku, wallahi ban taɓa jin muryar bawan Allahn nan ta tsallako ba, illa ƙas-ƙas ɗin ƙwallonsa da La'asar." Wata tsohuwa da ban sani ba ta jawo ni kusa ta ce, "Wai ni 'yar nan, dama can Musulmi ne, ko don uwarki ya musulunta?" Na ce mata kakansa limami ne. Ta riƙe baki ta ce, "A ƙasar Sin ɗin? Ikon Allah!" 'Ya'yan Kawu, haifaffun nan, waɗanda ake yi wa Hausa su mayar da Larabci, abin da suka iya cewa shi ne, "Allah yirhamu, kan ɗayyib, miskin." A wurinsu mutumin kirki ne, mai gadin ƙofar kulob, shi ke nan. Kawu kuwa, yayan Umma, wanda ya fi kowa ƙin auren tun farko, shi aka ce an riƙe a bakin kabari don kuka.

Duk yabon da aka yi masa yabon shiru ne. Bai yi magana ba, bai yi faɗa ba, bai dami kowa ba, kai ka ce randa ake yabo. Abin ya ƙona min rai. Mutumin da muke kira Baba Sini ɗan wasan ƙwallon tebur ne na gaske, wanda ya ci lardinsu kaf, aka kira shi sansanin 'yan wasan ƙasar Sin baki ɗaya, kuma babu wanda ya ambaci haka a zaman makokinsa. Shi ya sa nake rubuta wannan. Sannan akwai amanar da ya ɗora min: yana da 'ya a can ƙasarsu, wadda ya baro ba ta fara tafiya ba, da ƙunshin takardun da ya ce in san yadda zan yi su kai hannunta. Ina amsa gaisuwa, hankalina yana kan kantar ɗakinsa inda ƙunshin yake zama.

Ina da shekara goma sha uku ya shigo gidanmu. Mahaifina ya rasu da daɗewa, Umma tana sayar da waina da kunu ga ma'aikatan Najeriya da Nijar a bakin layinmu. Shi kuma yakan tsaya ya saya, da yake ya ce kunun yana tuna masa wani abin sha na garinsu. Wata rana rishonta ya ƙi kamawa, ya tsuguna ya warware shi ya mayar. Daga gyaran risho aka kai ga maganar aure. Kawu ya yi tsalle ya dire. Ya ce, "Duk Takarin da ke Madina ba ki ga miji ba sai wanda ba a san asalinsa ba? Da wane yare za ku yi faɗa?" Umma ta ce, "To ai ka ga an huta, Yaya." Haka aka ɗaura.

Ni agola ce, kuma mai taurin kai. Wata uku ban gaishe shi ba. In Umma ta ce in kai wa Baba abinci, sai in ce, "Wane Baban?" Bai taɓa nuna ya ji ba. Abin da ya yi, ya cire ƙyauren ɗakin ajiya, ya kankare shi, ya shimfiɗa a kan durom biyu a tsakar gida, ya jingina gefe ɗaya da bango. Kullum bayan La'asar sai ya fito da madrab ɗinsa, wato faifan katakon da ake bugun ƙwallon da shi, ya yi ta buga wa bango, bango yana mayar masa. Ina leƙe ta taga ina dariya, ƙaton mutum da furfura yana bin ɗan farin abu kamar ƙwan kaza. Ran nan ƙwallon ta gangaro gabana, na ɗauka na wurga masa da mugunta, wai in same shi a goshi. Bai ko dube ta ba, ya tare ta da madrab ta zauna a kai kamar an liƙa. Ya kalle ni, ya shiga kicin, ya fito da murfin tukunya ya miƙo min. Kashegari ya janye teburin daga bango, ya ɗaure tsohon mayafin Umma tsakanin kwalba biyu a matsayin raga.

Ban san ranar da na fara ce masa Baba ba. Ina jin a tsakiyar wasa ne, ina ihu. Yana da wani saki da yake yi in zai fara buga ƙwallo, ƙwallo ta taho kamar za ta yi dama, tana taɓa tebur sai ta karkace hagu, in bi iska in faɗi. Sai ya girgiza kai ya ce, "Ke, hannu akwai, haƙuri mafi." Wato babu. Wannan ce maganarsa a kaina har na yi aure, kuma ba ƙarya ya yi ba. Wata maganar tasa ita ce, "Kar ki kalli ƙwallo, kalli kafaɗar mutum." Ya ce ƙwallo ba ta san inda za ta ba, kafaɗa ce ta sani.

Labarinsa ban same shi a zama ɗaya ba. Gutsure-gutsure yake ba ni tsakanin wasa da wasa, yana share gumi, da Larabcinsa na kasuwa da Hausarsa mai ɗingishi. Garinsu gari ne mai sanyi, na Musulmi, a bakin wani babban kogi mai ruwan laka. Yana makaranta aka zo neman yara masu hannu, aka ɗauke shi. A kan teburin siminti suka koya, a fili, cikin sanyin da ke tsaga yatsu. Ya ci garinsu, ya ci lardinsu, ya sake ci, har ya zama in an ga sunansa a jerin masu wasa sai a fara yi wa abokin karawarsa jaje. Ranar da takardar kira ta zo daga babban birni, mahaifinsa ya yanka rago, ya kira unguwa.

A can ne aka gama da shi, da hannun masu sonsa. Mai horar da su ya kira shi ya ce akwai wani Bature da ya hana manyan 'yan wasansu sakat. Shi wannan Baturen nesa da tebur yake tsayawa, yana yankar ƙwallo ta ƙasa, duk abin da aka narka masa sai ya dawo da shi. Aka ce da Baba, kai ne mai hannun da zai iya kwaikwayonsa, ka ajiye naka wasan, ka zama shi. Shekara biyar yana kallon Baturen a majigi. Ya canja riƙon madrab, ya canja tsayuwa, har tafiyar mutumin ya koya. Safe da yamma manyan suna gwada ƙarfinsu a kansa, sai da suka haddace duk wata dabarar Baturen a jikin Baba. Suka fita waje suka cinye shi, suka dawo da kofi. Aka tare su da furanni a filin jirgi, Baba yana cikin layin masu tafi. Ya ce ɗaya daga cikinsu, mai kunya, ya same shi a ɗakin kwanansu ya rataya masa lambar zinariyar a wuya, suka tsaya haka ɗan jim, sannan ya cire abarsa ya tafi.

Sau ɗaya ya kusa. A wata gasa ta ƙasa ya koma wasansa na asali, ya share kowa har ya rage mutum huɗu. Sai aka kira shi gefe aka ce wanda zai kara da shi gobe shi ake shiryawa don fita waje, bai kamata a karya masa gwiwa ba.

"Suka ce faɗi," in ji Baba. "Na faɗi."

Na ce, "Da ka ƙi fa, Baba?"

Ya yi dariya har ya zauna a bakin durom. Ya ce, "Ke da Ummanki, kullum da ka ƙi, da ka ƙi. Can mafi da ka ƙi."

Daga baya ƙasar tasu ta rikice. Aka rufe ɗakunan wasa, aka ce duk mai neman kofi mai son kansa ne. Shi kuma aka ce laifinsa ya fi na kowa, tunda ya shekara biyar yana kwaikwayon Bature har a tafiya. Aikin da suka sa shi, shi suka karanta masa a gaban taro a matsayin zunubi. Aka tura shi noma can bakin iyaka, aka sa matarsa ta rabu da shi a rubuce. Ya ɗinke takardunsa da madrab ɗinsa a cikin rigar sanyi, ya bi makiyaya ta kan duwatsu har Pakistan, daga can ya shiga jirgin ruwan alhazai. Da ya kawo nan a labarin yakan miƙe ya ce, "Yalla, sakinki ne."

Kawu ne ya sama masa aiki, ba don ƙauna ba, don kada a ce mijin ƙanwarsa yana zaman kashe wando. Kawu direban motar wani kulob ɗin matasa ne a wajen Aƙiƙ, ya sa aka ɗauki Baba sharar ɗakin wasa da dafa shayi da tsintar ƙwallo. Yana share ƙarƙashin teburori na gaske, kore shar da farin layi, bai taɓa ce wa kowa ya san me ake yi a kansu ba. Shekara biyu yana kallon mai horarwar, wani baƙo da aka ɗauko daga waje da takardu, yana koya wa matasa tsayuwar da za ta kashe musu gwiwa. Ran nan ya kasa daurewa, ya ajiye tiren shayi ya gyara wa wani ƙafa. Mai horarwar ya yi masa tsawa a gaban kowa, ya ce in farrash, mai shara, ya fi shi sani, to ga tebur. Kawu yana wurin, shi ya ba mu labari, yana yi yana buga cinya. Baba ya ari madrab ɗin wani, da tsintsiyarsa jingine a bango, da silifas a ƙafarsa. Ashirin da ɗaya da huɗu aka tashi, kuma Kawu ya rantse huɗun ma kyauta ce.

Mu muna ta guɗa a gida, shi ya ƙi cin abinci. Ya ce ya kunyata mutum a gaban ɗalibansa, kuma mutumin shi ma baƙo ne mai neman abin kai wa iyali. Da safe ya ɗauki ledar dabino ya je ba da haƙuri. Aka karɓi dabinon, aka mayar da shi gadin ƙofar waje, inda ko ƙarar ƙwallo ba ya ji sai an buɗe taga. A nan ya ƙare aikinsa. Daga ranar dai Kawu ya daina ce masa "mutumin nan", ya koma "surukina".

Amma Kawun ne kuma suka yi faɗa da shi, faɗa ɗaya tak da na san Baba ya yi a Madina, kuma a kaina. Na kai goma sha shida, na fara cin Baba wasa ɗaya a cikin biyar, ba da kyauta ba. Kawu ya shigo ya same mu, na ɗaure zane a ƙugu ina tsalle. Ya ce, "Aib! Budurwa ce fa, ana hango ta daga saman gidajen mutane. Halas, shi ke nan, a ɗaga katakon nan."

Baba ya ajiye madrab. Ya ce, "Hannunta ya fi na duk yaran kulob. A ƙasarmu da tuni an zo an ɗauke ta. Haram a binne hannu irin wannan."

Kawu ya ce, "Ɗayyib, na ji. To ina za ta kai shi? Wane kulob? Gaban wa za ta buga?"

Baba ya dubi Umma, Umma ta dubi ƙasa. Babu amsa, kuma har yau babu. Kashegari ya sayo tabarmi ya kewaye saman katanga don kada a hango ni, muka ci gaba da wasanmu shekara uku, mu biyu, babu ɗan kallo sai kajin Umma. Mutum ɗaya ya samu a duniya da zai zuba wa abin da ya sani, sai aka yi rashin sa'a ni ce. Ranar da za a kai ni Jidda, shi ya ja taliya da hannunsa, irin ta garinsu, ya ciyar da duk 'yan biki tun safe har yatsunsa suka kumbura. Da na je sallama ya dafa kaina ya ce, "Haƙuri, ya binti, 'yata. Yanzu kam sai kin nemo shi." Bayan tafiyata ya mayar da teburin jikin bango.

Ƙunshin nan kuwa, tun zuwansa yake kan kanta ɗaya da Alƙur'ani, naɗe a cikin farin ƙyalle. Ba ya buɗe shi sai ya wanke hannu ya goge, domin takardun sun tsufa, gumi yana cin su. Yakan zauna ya tanƙwashe ƙafa yana bi da yatsa, leɓensa yana motsi, wani lokaci hawaye yana zuba. In Umma ta gan shi haka sai ta rage murya ta ce, "Shiru, Babanki yana karatu." Ita ba ta taɓa tambaya ba. Irin matan da ne, abin miji in bai buɗe maka ba, ba ka leƙa.

Sai bayan na yi aure, na zo ganin gida, ya buɗe min. Takardun shaidar cin gasa ne masu jan hatimi, da takardar kiran nan da aka yanka wa rago, da guntayen jarida. Sannan ga wata doguwar wasiƙa zuwa ga 'yarsa, wadda yake ƙara wa shafi duk ƙaramar Salla. Ya buɗe ta da Bismillah da manyan baƙaƙen Larabci, saura duk rubutunsu ne, adireshin gidan kakanninta yana shafin ƙarshe. Ya ce so yake ta san ubanta ba ɓarawo ba ne, ba kuma mantawa ya yi da ita ba. Bai taɓa aikawa ta gidan waya ba, don tsoron kada wasiƙa daga waje ta jawo mata abin da ya same shi.

A shekarun nan alhazan Sin suka dawo zuwa, bayan an daɗe ba a gan su ba. Baba yakan je farfajiyar Harami ya tsaya nesa da su yana sauraron yarensu, ya bi su har ƙofar masauki, ya dawo da ƙunshin a hammata. A ƙungiya suke tafiya da shugabansu, shi kuma ƙafarsa ta ƙi ƙarasawa. Bayan ƙaramar Sallar da ta wuce, ina haɗa kaya zan koma Jidda, ya shigo da shi a hannu biyu. Ya ce, "Ni in na matsa, za su ce yaya ka fito. Ke ba wanda zai tuhume ki. Ki ba wata tsohuwa a wajen mata, ko mijinki ya ba wani a maɗar, filin jirgi, ranar tashi. Kar ki gaya wa Umma, za ta damu, magana kuma tana yawo."

Jakata ta cika da dabino da yajin Umma, ga goyo yana ta kuka, ga mota tana jira. Na ce, "Baba, bar shi tukuna. Zan dawo da Zulƙida lokacin sun iso, mu je tare."

Ya tsaya riƙe da shi kaɗan. Ya ce, "Ɗayyib." Ya mayar kan kanta. Ganina da shi na ƙarshe ke nan, kuma wallahi da wurin da zan cusa shi a jakar nan, ƙyuya ce kawai.

To, a rana ta ukun nan, da mata suka ragu bayan Azahar, na shiga ɗakinsa. An share, an turare, an rabar da tufafinsa sadaka. Alƙur'ani yana kan kanta shi kaɗai. Na fito na sami Umma a kan tabarmarta ta takaba, carbi a hannu. Na ce, "Umma, ina ƙunshin Baba?"

Ta ce, "Littafin addu'arsa? Alhamdu lillahi, na sallame shi yadda ya kamata. Jiya da muke fitar da kaya muka buɗe, duk ya rududduge, yana zuba a ƙasa. Yaya ya duba ya ga Bismillah a kai, ga hatimai ja-ja. Ba mai iya karantawa, ga jikoki suna shiga suna fita, sai a taka sunan Allah. Ni da Hajiya muka yi alwala, muka sa a sabon kasko muka ƙona, tokar kuma muka binne a gindin dabino inda ba a takawa." Ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro wani abu a ƙyalle. "Ga abin wasanku nan na ɓoye miki, na hana a ba yara."

Madrab ɗin ne. Shi suka tsirar.

Ban san irin ihun da na yi ba. Na faɗa wa mace mai takaba, uwata, maganganun da ba zan rubuta ba, har Hajiya ta tsallako ta toshe min baki. Da na samu numfashi na gaya musu abin da suka ƙona. Umma ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Shekara goma sha uku ina goge ƙurar kantar nan, ban taɓa ɗaga ƙunshin nan ba sai da alwala. Na san yana da 'ya. Da na san nata ne, da a kaina zan ɗauka in kai. Ke kin sani, ya binti. Me ya sa ba ki gaya min ba?"

Garin neman gira aka rasa ido, kuma babu mugu ko ɗaya a cikinmu da zan kama in huce a kansa. Umma girmamawa ta yi, Kawu abin da ya gani ya faɗa, Baba tsoro ne ya rufe masa baki. Ni ce kawai aka miƙa wa da hannu biyu na ce a bari.

Kashegari na matsa wa mijina muka je farfajiyar Harami bayan La'asar. Alhazan Sin suna nan, da fararen hulunansu, zaune a inuwa. Mijina ya yi sallama, aka nuna mana wani dattijo limaminsu mai jin Larabcin littafi. Na tsaya a bayan mijina na ba da labarin, yana gyaɗa kai. Da na zo kan wasiƙar ya ce, "Subhanallah. Ai yanzu an sassauta, 'yata. Ba a kama kowa don wasiƙa. Bara ma mun kai wa mutane da yawa." Shekara nawa Baba yana bin bayansu da abin a hammata.

Dattijon ya ga halin da nake ciki, ya ce kada in yanke ƙauna. Ya ce wasan nan a ƙasarsu kowa ya san shi, kuma wanda ya ci lardi har aka kira shi babban birni ba ya ɓacewa, akwai tsofaffin da za su tuna, ta nan sai a gano 'yar. Ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya buɗe. Ya ce, "Sunansa?"

Na faɗi sunan da ke kan iƙamarsa, takardar izinin zamansa, sunan da liman ya ɗaura aure da shi.

Ya yi murmushi ya nuna mutanensa. Ya ce, "Wannan sunan masallaci ne. A cikin waɗannan kaɗai mutum shida ke amsa shi. Sunansa na takarda nake nufi, wanda ya yi wasa da shi."

Wannan sunan ban taɓa jin sa ba. Ya taɓa nuna min shi a jikin jarida, zane uku da ya kewaye da jan biro, na kalla yadda ake kallon aikin hula, na ce ya yi kyau. Ban ce ya karanta min ba.

"To, garinsu?"

Na ce gari ne mai sanyi a bakin kogi mai ruwan laka. Ya ce kogin nan ya ratsa rabin ƙasarsu.

"Sunan yarinyar? Sunan uwarta?"

Mijina ya juyo yana kallona. Shekara shida ina tsaye a gaban mutumin nan kullum, tebur ɗaya tsakaninmu, na san abin da kafaɗarsa za ta yi kafin ta yi, ban san sunansa ba. Dattijon ya jira iya jiran da mutunci ya yarda, sannan ya yage shafin, fari fat, ya miƙa wa mijina. Ya ce in na tuna wani abu in rubuta, in ba duk wanda ya zo baɗi. Na tambayi Umma, na tambayi Kawu, na aika an tambaya a kulob da wurin Buharawa, baƙin da ya fara sauka a hannunsu a Madina. Kowa Sini ya sani.

A can bakin wancan kogi akwai wata mace da na girme wa da kaɗan, watakila da goyo a bayanta, wadda ta tashi da sanin cewa ubanta ya tsallake ya bar ta bai ko waiwayo ba. Duk Salla yana rubuta mata shafi. Ni na gani da idona, kuma babu hanyar da zan gaya mata.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe maka, Ya sa ka yafe min. Ya kira ka ranar tsayuwa da sunan da mahaifinka ya raɗa maka, tunda a garin nan babu wanda ya rage ya san shi sai Shi.